Dutsen Yaron Nan

A Agadas aka fara cutata. Wani mai farin rawani ya sayar mini da jarkar ruwa, ya rantse sabuwa ce. Sai da muka yi nisa cikin sahara na gane jarkar fetur ce aka ɗauraye. Haka na sha, ni da na yi rabin rayuwata ina fito wa mutane da ruwa daga ƙasa.

Sunana Sale, mutumin Sara a ƙasar Gwaram. Haƙar rijiya na gada. Daga Sara zuwa Surko zuwa Unguwar Ya, da wuya a sami ƙauyen da ban shiga cikin ƙasarsa ba. Da injin burtsatse ya zo, abin da nake yi a wata sai ya yi shi a yini. Aka daina nemana. Gonata ba ta kai mu damina. Abin da ya fitar da ni ke nan.

Na bar mata da yara. Babban yana makarantar kwana a Birnin Kudu a lokacin. Shi ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Mu jinin Fulani ne. Harshen ya tafi tun zamanin kakanni, kunyar ba ta tafi ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa. Mutanen gida suna ce masa Abba. Ni ko wannan ban taɓa faɗa ba. In zan kira shi, "kai". In zan yi maganarsa, "yaron nan". Haka mahaifina ya yi mini, ban kuwa mutu ba.

A bayan a-kori-kura aka loda mu, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa tsakanin cinyoyi. Wanda ya saki sanda ya faɗi, direba ba ya waiwaye. Na kusa da ni wani baƙi ne dogo mai tsage a fuska. Ya ga ina kurɓar ruwa ina yamutsa fuska, ya karɓi jarkar ya sunsuna.

"Kai mota ce?" ya ce.

Ya mayar mini da jarkar.

"Daga ina?"

Na gaya masa. Ya ƙare wa hancina kallo.

"Bafillace ne wannan. Alhamdu lillahi, Allah ya ba ni bawa a hanya. Sunana Modu, Babarbare, ubangidanka daga yau. Ungo, sha nawa. Ba zan yi asarar bawa tun ban more shi ba."

Ruwan Modu muka sha har muka fita daga yashi.

A Sabha wani mai gona ya ɗauke mu mu haƙa masa rijiya a bayan gari. Ya ce sai ruwa ya fito za a yi maganar lada. Ƙasar tana da tauri, ta ci mana diga. Ranar da na ji danshi a tafin ƙafata na yi kabbara daga ƙasa. Da na fito, mutane na tarar da bindigogi suna jiranmu. Aka kai mu wani gida mai doguwar katanga. Abin da aka yi mana a can ba zan faɗa ba. Haƙoran gabana suna can.

Sana'ar ce dai ta fitar da mu. Ɗaya daga cikin masu gadin yana son a haƙa masa masai a gidan uwarsa. Na ce ba na aiki sai da mai jan guga, na nuna Modu. Tsohuwar takan aiko mana da shayi da dabino. Ranar da muka gama ta yi wa ɗanta faɗa mai tsawo da Larabci, tana nuna bakina. Bai mayar da mu gidan ba. Ya kai mu bakin titi ya juya. Ita ce kuma ta ba ni 'yar na'urar duba alƙibla, mai allura a ciki, ta marigayi mijinta. Har yau tana aljihuna.

A bakin teku aka sayar mana da rigunan da aka ce ba sa bari mutum ya nitse. Modu ya farke tasa don ya gani. Gutsattsarin katifa ne a ciki. Muka cire muka yar, muka shiga jirgin roba haka. Wasu sun isa, wasu ba su isa ba. Mu mun isa.

A Italiya aka zaunar da ni gaban wasu mutane da tafinta. Suka tambaye ni wa ya kore ni daga gida. Na ce injin burtsatse. Tafintan, wani ɗan Nijar, ya dube ni ya ce a hankali, "Malam, ka sake tunani." Na ce na yi, shi ne. Aka hana ni takardar zama. Modu aka ba shi, don shi yaƙi ne ya ƙone garinsu, ba sai ya ƙirƙiro komai ba.

"Bawana," ya ce, "gaskiyarka za ta kashe ka. Amma ba yau ba. Taso."

Muka gangara kudancin ƙasar, gonakin tumatir. Da zafi tumatir, da sanyi lemo. Muna kwana a bukkokin kwali da leda a bayan gari, inda babu famfo sai wanda muka saci ruwansa. Mai kai mu gona a mota shi ke karɓar ladan, shi ke raba mana abin da ya ga dama. Na koyi harshensu irin na gona: ɗauko, ajiye, yi sauri, da zagi. Na kuma koyi abin da masu gona suke faɗa wa 'ya'yansu in sun zo da su ranar Lahadi, don ba sa ɓoyewa. Mutum da gemunsa zai ɗaga ɗansa sama ya sumbace shi a gabanmu, yana gaya masa shi ne hasken idonsa. Nakan kau da kai.

Abin da ya fi damuna ba yunwa ba ne. Ruwan samansu ba shi da ƙamshi. A Sara ruwan farko in ya sauka, har dabbobi sun sani. A can sai dai ka jiƙe.

Ranar Juma'a nakan kira uwar yara. Ita ke ba ni labari. Abba ya ci jarrabawa. Na ce to. Abba ya shiga jami'a a Kano. Na ce to. Abba ya fi kowa a ajinsu, an kira shi gaban taro. Na ce to, ya akuyar nan, ta haihu?

Modu yana gefe yana jin komai.

"Wannan Abban ɗan maƙwabcinka ne?"

"Yaron gidanmu ne."

"Yaron gidanku. Allah ya isa tsakanina da Fulani."

Shekaru suka tafi haka, sun haura goma. Wata Juma'a ta ce mini yaron ya sami tallafin ƙaro karatu, kuma ƙasar da nake zai zo. Na zauna a kan kwandon tumatir. Ba murna na fara ji ba, tsoro.

Ya sauka a wani birni can arewa, kusa da duwatsu masu ƙanƙara. Ya kira ni ya ce zai zo ya gaishe ni. Na ce aiki ya yi yawa. Bayan wata biyu ya sake kira, na ce ana ruwa. Ban so ya ga inda ubansa yake kwana. Daga baya ya daina cewa zai zo. Muna ƙasa ɗaya, muna gaisawa a waya kamar yana Kano.

Rannan ya kira ba ranar Juma'a ba.

"Baba, na gama. Mako mai zuwa zan tsaya gaban malamaina in kare aikina. Kowa iyayensa suna zuwa. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba.

"Aikin mene ne?" na ce.

"Lu'ulu'u. Daimon."

"Haƙowa kake?"

Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun yana tallar rake.

"A'a, Baba. Sai ka zo ka gani."

Modu ne ya shirya ni. Ya ba ni kwat ɗinsa ta zuwa ofishin takarda da takalminsa na Sallah, wanda ya yi mini yawa, muka cusa jarida a gaba. Ya aske mini kai da reza.

"In ka je, ka buɗe bakin nan naka ka yi magana. Babu haƙora, amma akwai harshe."

Motar safa na shiga, don an ce a jirgin ƙasa an fi tambayar takarda. Tafiyar yini ce da ɗoriya. A wata tasha 'yan sanda suka shigo suna duba fuskoki. Tsohuwar da ke kusa da ni, wadda tun da muka taso ba ta ce mini komai ba, ta ɗauki jakar lemonta ta ɗora mini a cinya, ta hau yi mini faɗa kamar ta shekara da sanina, wai na matse mata lemo. Ɗan sandan ya dube ta, ya dube ni, ya wuce. Da motar ta tashi ta karɓe jakarta, ta ba ni lemo ɗaya, ta juya ga taga. Ban san sunanta ba.

Yana jirana a tasha. Na bar yaro siriri mai kunnuwa, na tarar da mutum mai gemu wanda ya fi ni tsawo. Da ya gan ni ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa. Na ga ya dubi bakina, ya kau da ido da sauri.

"Tashi," na ce. "Garin naku da sanyi."

"Akwai sanyi, Baba."

Gaisuwarmu ke nan bayan shekarun nan duka.

Sai da yamma zai tsaya gaban malaman, saboda haka ya ce in zo in ga ɗakin aikinsa tukuna. A ƙarƙashin wani babban gini yake, an sauka matakala. A bakin ƙofa na tuɓe takalmi. Ya ce ba sai na tuɓe ba, ya sa mini wata leda a kansu. Ɗakin babu taga, an zagaye shi da baƙin labule. A tsakiya akwai wani faffaɗan tebur na ƙarfe cike da ƙananan madubai a tsaitsaye. Na dafa shi don in huta, ya ɗan motsa a ƙarƙashin hannuna.

"Baba, kar ka jingina! A kan iska yake zaune. Ko babbar mota ta wuce a titi ba ma so ya ji."

Na janye hannuna. Ban saba yaron nan ya ce mini kar ba.

Ya ɗauko wani ɗan akwati ya buɗe. Na zaci zan ga dutse irin na zoben matan masu kuɗi. Wani ɗan falle ne kamar ɓallin gilashi, bai fi ƙwayar riɗi biyu ba, da ɗan ja-ja a jikinsa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba daga ƙasa aka haƙo shi ba, a tanda ake yin sa. Asalinsa ɗaya da gawayi."

"Gawayin girki?"

"Shi. Bambancin a jeri yake. A nan kowace ƙwaya tana raminta, kamar shukar gero da aka ja da igiya, babu wadda ta kauce. To a wani ramin sai mu sa baƙuwar ƙwaya, irin sinadarin da ke cikin takin zamani, farin nan. Ramin da ke kusa da ita kuma a bar shi babu komai. Giɓi."

"Shuka ta yi giɓi ai asara ce."

"A gona. Mai sayar da zobe ma zai ce dutsen ya lalace. Mu kuwa shi muke nema. In babu baƙuwar nan da giɓin nan, ka haska dutsen, hasken wucewa kawai zai yi."

Ya ba ni wani tabarau na sa, ya kashe fitila. Ya ce koren haske zai harba wa dutsen, tabarau zai tare mini koren, in duba abin da dutsen zai mayar. Na duba. A cikin duhun nan ɗan fallen ya kama ja, kamar garwashin da aka hura. Babu wuta, babu hayaƙi. Na daɗe ina kallo.

"Giɓin ne ke mayar da jan," ya ce. "Wannan yana da su da yawa, shi ya sa ido yake gani. Zo ka ga wanda na yi aikina a kai."

Wannan na biyun ba a ganin komai a jikinsa sai a allon kwamfuta. Baƙin fili, da ɗige-ɗige masu haske a warwatse.

"Kowane ɗigo giɓi ɗaya ne tak. Baba, haske ma ƙwayoyi ne. Fitila watsa su take yi barkatai, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Wannan kuwa ɗaya yake saki, sai ta tafi ya saki wata. Ba ya taɓa sakin biyu tare."

"Wa ya ƙirga?"

Ya ji daɗin tambayar, na gani. Ya nuna mini inda hanyar hasken ta rabu biyu, kowace da akwatin da ke jin shigowar ƙwaya. Ya ce in biyu suka fito tare, wani lokaci akwatunan za su ji a lokaci ɗaya. In ɗaya-ɗaya ne, ba za su taɓa ji tare ba. Sai ya buɗe wani zane a allon. Layi ne ya taho a miƙe, ya zo tsakiya ya faɗa ƙasa, ya sake hawa ya ci gaba.

"Rijiya ce," na ce.

Ya dubi zanen, ya dube ni.

"Rijiya ce. Iya zurfinta, iya kyan aikin. In ta kusa taɓa ƙasa, an tabbata ɗaya-ɗaya yake saki. Duk zamana a garin nan ita nake haƙa."

Tasa ta kusa taɓa ƙasa. Na gani da idona. Na ce, "Amfaninsa fa?"

Ya ce in aka aika saƙo a kan ƙwayar haske ɗaya, ɓarawo ba zai iya gutsura ya bar saura ba. In ya taɓa, za a sani. Ya ce kuma dutsen yana ji. Ya tambaye ni ko ina da wani abu mai maganaɗisu. Na fito da na'urar alƙiblar tsohuwar Sabha. Ya ce in matso da ita a hankali, kar in taɓa tebur. Ina matsowa, wani layi a allon ya rabu ya tafi gefe. Na janye, ya dawo. Na sake, ya sake. Allurar da ba ta kai tsinken sakace ba.

"Abin da ya fi wannan rauni nesa ba kusa ba yana ji," ya ce. "Ana so wata rana ya ji bugun zuciya ba tare da an taɓa mutum ba. Akwai masu gwada shi a kan jinin mai zazzaɓin cizon sauro."

"Yana jin ruwa a ƙarƙashin ƙasa?"

Ya cire tabaransa yana gogewa da gefen riga.

"Ba tukuna ba. Duwatsun ƙasa dai ana sa ran zai ji wasunsu." Ya mayar da tabaran. "Ranar da na fara shigowa ɗakin nan, tambayar da na yi wa malamata ke nan. Suka yi ta dariya."

Na ce masa ɗakin da zafi, mu fita.

Da yamma aka taru a wani zaure. Ya sa baƙar kwat ya tsaya a gaba, manyan malamai suna zaune a jere. Ya yi magana mai tsawo, ban ji ko ɗaya ba, don da Turanci ne. Na dai ga rijiyar ta fito a bango, babba. Wani tsoho mai sanƙo ya yi ta jefa masa tambaya kamar mai neman faɗa. Yaron nan bai ɗaga murya ba, bai kuma sunkuya ba. Daga ƙarshe tsohon ya ɗaga hannu biyu ya jingina da kujera. Suka fita, suka dawo, aka miƙe ana tafi. Na riƙe hannuwana a cikin aljihun kwat ɗin Modu.

Aka kawo abinci a wani ɗaki. Iyayen wasu ɗalibai suna nan, ana rungume-rungume. Na tsaya kusa da ƙofa. Sai ga malamarsa, wata gajeriyar mata mai farin gashi, ta riƙo hannunsa ta jawo shi wurina. Ta yi magana da harshen ƙasar, mutane suka yi shiru suka kewaye mu.

"Baba, tana tambaya, me za ka ce game da ɗanka yau?"

Na dubi ƙasa. Na faɗi abin da ake faɗa, abin da mahaifina ya faɗa wa mutane ranar da na fito da ruwa a rijiyata ta farko.

"Ka ce mata yaro ne, bai san komai ba. Su suka yi ƙoƙari. Su ƙara haƙuri da shi."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya juya gare su ya yi magana da harshen ƙasar, a hankali, kalma-kalma. Bai san iya abin da na tsinta a gona ba, ko kuwa ya sani. Na ji duka. Ya ce: babana ya ce tun ina ƙarami ya san zan kai nan. Ya ce saboda ni ya ratsa sahara da teku. Ya ce yana alfahari da ni.

Matar ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Ta kama hannuna da hannu biyu tana girgizawa. Aka yi tafi, wannan karon ni ake yi wa. Tsohon nan mai sanƙo ya zo ya dafa kafaɗata.

Washegari da safe ya raka ni tasha. Ya sayo mini burodi da kaza a leda. Muka tsaya a gefen motar, direba yana loda kaya.

"Baba, ka ji abin da na gaya musu jiya?"

"Na ji."

"Na san ka ji. Na ga fuskarka."

Sai ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Ƙarya na yi?"

Amsar tana bakina. Gajeriya ce, ba ta kai tsawon sallama ba. Babu wanda ya san mu a tashar nan, babu mai jin Hausa, babu wanda zai kai labari Sara. Na buɗe baki. Na ji kamar an ce in tuɓe riga a kasuwa.

"Mota za ta tashi," na ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba."

Motar ba ta tashi da wuri ba. Na zauna a ciki ina ganinsa ta taga, yana tsaye inda na bar shi, hannuwa a aljihu. Da na sauko na isa wurinsa kafin direba ya gama shan sigarinsa. Ban sauko ba.

Da na koma bukka Modu ya sa ni na ba shi labari tun daga farko. Ya yi ta dariyar tebur mai zama a kan iska. Da na zo kan tasha ya daina dariya.

"Ka ce masa me?"

"Na ce mota za ta tashi."

Ya daɗe yana kallona.

"Wallahi bawana, shanunku sun fi ku. Saniya a gaban kowa take lasar ɗanta. Tuɓe mini takalmina."

Ya ce in kira shi a waya yanzu-yanzu. Na ce sai Juma'a. Juma'a ta zo, muka gaisa, na tambaye shi sanyi, ya tambaye ni aiki. Bai sake yin tambayar ba, ranar ko bayanta. A waya kuwa ban san ta inda ake fara irin wannan magana ba.

Bayan damina biyu bayana ya ƙi. Ba na iya sunkuyawa a kan tumatir. Masu mayar da mutane gida suka zo, na sa hannu, aka sa ni a jirgin sama. Hanyar da ta ci mini haƙora, a zaune na dawo ta, ana ba ni shayi. Modu ya raka ni har bakin mota. Ya ce ya 'yanta ni, don bawa marar baya ba shi da amfani. Ya juya da sauri. Yana can har yanzu.

Yaron nan ya sami aiki a wata ƙasa da ta fi Italiya nisa, inda suke kwana lokacin da muke tashi. Har yanzu dutsen yake bi. Ya yi aure, ya haifi 'ya mace. In ya kira uwarsa a waya mai hoto, 'yar tana kan wuyansa, yana kiran sunanta, sunan yanka, yana cewa ta fi kowa wayo. Uwar takan rufe baki tana dariya, ta ce Abba ba ka da kunya. Sannan a miƙo mini.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"To madalla."

Yana girmama ni. Ba ya rage ni da komai. Amma bai sake dubana cikin ido ba, ko a hoto.

Burtsatse da yawa sun lalace yanzu, babu mai gyara. Mutane sun koma tuna tsofaffin rijiyoyi. Baya ya ɗan saki, kuma yasar rijiya ba ta kai haƙa wuya ba, saboda haka in an kira ni nakan je. Bazarar da ta wuce aka kira ni Surko, wata rijiya da ni na haƙa ta tun yaron nan yana goye. Ƙanena Hashimu ke ja mini guga.

Da rana tsaka ina can ƙasa, laka har gwiwa. Na cika guga na ɗaga kai. Bakin rijiyar ya koma ɗan ɗigon haske ɗaya a cikin baƙi. Na tsaya. Babu kowa a nan sai ni da kwaɗi.

Na kira sunansa, sunan yanka, wanda liman ya raɗa masa a kunne. Bai yi nauyin da na zata ba. Na ce, "Ba ƙarya ka yi ba."

Na manta rijiya ba ta riƙe magana. Ɗigon hasken ya rufe, kan Hashimu ne.

"Yaya Sale, da wa kake magana?"

"Ja guga," na ce.